Yadda ake ajiye injin kwale-kwale da babur ɗin ruwa idan kogi ya ja baya a Yamai

Tun da ruwan kogin Isa, wato kogin Neja, ya fara ja baya bana nake shan tambaya iri ɗaya, daga masunta da masu fito har da 'yan tsirarun da ke da babur ɗin ruwa: "Malam, zan cire injina in ajiye sai ruwa ya dawo, me zan yi masa?" Wasu ma sun kalli yadda mutanen Kanada da Turai ke shirya injinansu kafin sanyi, suna tambaya ko su nemi ruwan nan mai hana daskarewa. A can dole ne, don ruwa idan ya zama ƙanƙara yakan ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100, ya tsaga inji daga ciki. Mu nan ko a tsakiyar hunturu ruwa ba ya daskarewa, kuma a Disamba da Janairu ne ma ruwan da ya taso daga Gini ya ratso Mali ke cika kogi, aiki na tafiya. Lokacin ajiyarmu bazara ce, daga Afrilu zuwa Yuni, sa'ad da tudun yashi ke ɓullowa a gefen gadar Kennedy. Dattawa na tuna Yunin 1985 da kogin ya daina gudu ɗungurum a nan Yamai.

Abin da ke cinye mana inji a ajiye shi ne tsohon fetur, da ruwan da ya maƙale inda ido bai gani, da laka, da zafin da ke haura digiri 40, da ƙura, da zanzaro. Aikin kare shi ba wuya, rabin yini ya isa. Amma kowane mataki da gurbinsa, idan ka sa na baya a gaba kai da hannunka za ka yi ɓarnar. Na gina bayanin a kan injin rataye mai bugu biyu, irin Yamaha Enduro mai doki 15 ko 40 wanda ake haɗa wa mai da fetur. Na babur ɗin ruwa yana ƙasa. Masu aiki a tafkin Tabalak ma wannan tsarin ne.

Kayan aiki da abin da za ka kashe

Ka tanadi tano, wato ganga, wanda aka yanke bakinsa, ruwan famfo mai tsabta, sifanar buji, babban sukundireba mai faɗin baki, filaya, guntun katako, ƙaramin kwano, tsummoki da buhun algarara ko tsohon zane. Abin saye kaɗan ne: man giya mai lamba 90, giris wanda ruwa ba ya wankewa, man haɗi mai alamar TC-W3, sababbin wasa biyu na notin man giya (zoben da ke zama ƙarƙashin kan noti), da buji biyu. Mai doki 15 kwatan lita na man giya yake ci, mai doki 40 bai kai rabin lita ba. Ka tafi kasuwar Katako ko shagon kayan gyara da tsohon buji da tsohuwar wasa a aljihu, ka gwada da ido, kada ka dogara da "ai duk ɗaya ne".

Babban kuɗin da mutane ke jin ciwonsa na fetur ne. A farashin sefa 499 da aka tsayar wa lita a watan Yulin 2024, tanki mai lita 25 ya haura jaka 12, wato sefa 12,000. Shi ya sa ake barin saura a tanki ana cewa zai yi amfani baɗi. Ka lissafa tafiyarka ta ƙarshe yadda fetur zai ƙare tare da aikin.

1. Wanke cikin inji

Rataya injin a jikin katako mai ƙarfi, ƙafarsa cikin tano. Zuba ruwa har ya rufe farantin nan da ke saman farfela, ya haura da kamar faɗin tafin hannu. Sa giya a firi, ka tayar, ka bar shi yana tafiya a hankali minti 10 zuwa 15. Idan ruwan ya yi ja da laka, kashe, zubar, sake sabo. Jan ruwan damina da Sirba da Dargol da Goruwal ke kawowa yana barin laka a hanyoyin sanyaya inji, idan ta bushe ta yi watanni sai ta zama kamar tubali.

Idonka na kan ɗan ruwan da ke tsartowa ta bayan kan injin, wanda muke ce wa fitsari. Ya fito da ƙarfi, ba yankewa.

Gargaɗi: kada ka tayar da inji a busasshe, ko na daƙiƙa kaɗan, wai don ka ji sautinsa. Farfelar robar da ke cikin famfon ruwa da ruwa take samun santsi, babu ruwa nan take take ƙonewa. Kada kuma ka sa giya a cikin tano, kuma yara su tsaya nesa.

2. Fitar da fetur tun inji na da ɗumi

Nan ne mafi yawan injinan da ake kawo mini a watan Agusta suka samu ciwonsu. Fetur ɗin da ya kwana a karbureta cikin zafin Afrilu yakan tsane, ya bar wani danƙo mai wari kamar tsohon fenti, ya toshe ƙananan ramukan da ko allura ba ta shiga. Mai inji ya yi ta jan igiya har kafaɗa ta gaji, ya ce an yi masa hannu, alhali fetur ɗinsa ne.

Idan injinka karbureta ɗaya gare shi, zare tiyon fetur yana cikin tafiya a hankali, ka bar shi ya shanye abin da ke ciki ya mutu da kansa. Bayan nan kwance ɗan notin da ke gindin karbureta, ka tara tsumma, sauran ɗigon ya fita. Cire kofin tace fetur ka duba gindinsa. Idan ka ga ruwa kwance a ƙasa ko jan gari, daga tankinka ne ko daga inda kake sayen mai. Ban hana kowa sayen na 'yan ruwa-ruwa ba, na san halin da ake ciki, amma a tace shi da kyalle mai laushi kafin ya shiga tanki, a kuma ɗaga kwalbar a duba gindinta a hasken rana.

Juye abin da ya rage a tanki, ka bar shi a inuwa. Fetur ɗin da aka riga aka haɗa da mai kada a ajiye shi zuwa wani zubin ruwa.

Gargaɗi: inji mai karbureta biyu ko uku ba a barinsa ya shanye fetur har ya mutu. Ɗaya na riga ɗaya ƙarewa, sai silindarta ta ci gaba da juyawa ba mai, tunda man yana cikin fetur ɗin ne. Irin wannan kashe shi za ka yi, ka kwance notin gindin kowace karbureta. Sababbin injina masu bugu huɗu da ba su da karbureta su ma ba a busar da su, maganin adana fetur ake zubawa a tanki a bar su su yi tafiya da shi. Kuma ba taba, ba murhun shayi kusa da wurin.

3. Mai a cikin silinda

Zare igiyar kashe inji don kada wuta ta tashi. Bari kan injin ya huce, sannan ka kwance buji. Zuba cokalin shayi ɗaya na man haɗi a kowane rami, ka ja igiyar tayarwa a hankali sau huɗu ko biyar don man ya shafe bangon silinda. Mayar da tsohon buji, ka adana sabon sai ranar komawa ruwa, don man nan zai ɓata shi a tashin farko.

Gargaɗi: da yatsu ake fara ɗaura buji har ya zauna, sannan sifana ta ƙara ɗan juyi. Kan injin alminiyom ne, mai taushi. Idan ka ji ya cije tun juyi na biyu, ya hau a karkace, warware ka sake. Wanda ya matsa da ƙarfi ya cinye zaren ramin ya sayo wa kansa aikin mai walda da kwanaki na jira.

4. Man giya

Wannan matakin nake roƙon kowa ya yi da natsuwa, don shi ke gaya maka gaskiyar lafiyar ƙafar injin.

Tsayar da injin a miƙe. A gefen ƙafar akwai noti biyu, ɗaya a ƙasa, ɗaya a sama kusa da faranti. Tara kwano, kwance na ƙasa tukuna, sannan na sama, man zai zubo. Ka ba shi lokaci ya tsiyaye sarai. Yanzu duba abin da ke kwano. Mai baƙi ko ruwan zuma, lafiya lau. Idan ya fito fari-fari kamar kunun gyaɗa, ko ruwa ya riga man fitowa, ruwan kogi na shiga, robar da ke tare mai ta mutu. Murza ɗan man tsakanin yatsu: laushin gari mai ɗan ƙyalli ba komai, amma idan ka ji ɓarɓashin ƙarfe, haƙoran giya ne ke ci, sai an buɗe.

Zubin sabo ta ramin ƙasa ake yi. Cusa bakin robar man, ka matsa har ya ɓullo ta ramin sama ba kumfa. Kada ka zare hannunka. Ɗaure notin sama da sabuwar wasa, shi zai riƙe man, sannan ka zare robar da sauri ka ɗaure na ƙasa. Mai zubawa ta sama iska yake tarawa a ciki, ya ga kamar ya cika alhali rabi ne.

Gargaɗi: tsohuwar wasa takan manne a cikin rami, ka ɗora sabuwa a kanta ba ka sani ba, biyun kuma ba sa riƙe mai. Leƙa ka tabbatar ta fito. Sukundireban ya cika bakin notin, ƙarami zai cinye kan ne kawai. Idan kuma ka ga farin mai, kada ka zuba sabo ka ce sai baɗi a gyara. A canza robar yanzu da kake da lokaci. Tsohon man a kai wa masu juye, kada a zubar bakin kogin da muke sha muke kamun kifi.

5. Farfela

Sa guntun katako tsakanin farfela da faranti don kada ta juya. Miƙe fil ɗin da ke riƙe noti ka zare, kwance noti, ka jera duk abin da ka ciro a kan tsumma bi da bi yadda suka fito. A bayan farfela za ka iske abin da ke kashe robar man giya: zaren koma, igiyar ƙugiya, leda da ta narke ta naɗe sanda. Na sha ciro dunƙulen zaren da ya yi tauri kamar zobe, har mai injin ya ɗauka wani ɓangare ne na inji. Yanke shi duka, goge sandar, shafa giris, mayar.

Gargaɗi: akwai wasa mai kauri da ke zama a bayan farfela. Idan aka manta ta, farfela za ta ci jikin ƙafar. Fil kuma sabo ake sawa, ba ƙusa ba.

Ka bi sauran wuraren motsi da giris: inda injin ke juyawa, inda ake ɗaga shi, da notin maƙalawa.

6. Mai bugu huɗu da batir

Idan injinka na da gidan baƙin mai daban, yi masa juye tun yana da ɗumi, wato kafin ya huce a mataki na 3, ka canza matacin mai, kada ka wuce alamar sama ta sandar awo. Batir kuma a cire waya mara ja tukuna, sannan ja. A yi masa caji ya cika, a ajiye a inuwa, a riƙa ƙara masa duk wata. Cikakken batir na nuna kusan volt 12.6 a na'urar awo, zafin bazara kuwa na saurin zuƙe shi.

7. Inda zai kwana

Bara wani dattijo daga Harobanda ya kawo mini mai doki 15 a amalanke, igiya ta ƙi jawuwa sam. Na ce, "Baba, yaya kuka ajiye shi?" Ya ce, "Ɗana, a ɗaka yake, na naɗe shi da leda, na ɗora ƙafar a kan tsohuwar taya don kada farfela ta taɓa ƙasa." Da muka buɗe, zoben fistan ya manne da tsatsa, ƙarfen cikin duk ya yi ja. Ruwan da ya rage a ƙafar ne ya gangaro ta hanyar hayaƙi ya shiga silinda, ledar kuma ta riƙe gumi wata huɗu. Mutumin nan kula ya yi, ba sakaci ba, abin da ya fi ba ni tausayi ke nan. Kuɗin gyaran ya ninka na man giya da buji sau da yawa, ga kwanakin kamu da suka wuce shi.

Don haka bayan wanki ka bar injin a tsaye har ruwa ya gama tsiyayewa. Mafi kyau ya yi zamansa a tsaye, rataye a katako, a ɗaki ko rumfa mai iska. Idan dole sai an kwantar, kai ya fi ƙafa tudu ko da yaushe. Mai bugu huɗu ba kowane gefe aka yarda ya kwanta ba, akwai alama a jikinsa, idan aka saɓa baƙin mai zai malale cikin silinda.

Rufe shi da zane ko buhun da iska ke ratsawa. Toshe ramin fitsari da ɗan tsinke ko salatif, don zanzaro ba abin da yake so kamar wannan ramin, cikin kwana biyu zai cika shi da laka. Ɗaura jan ƙyalle a hannun inji don ka tuna ka toshe wani abu. Ɓeraye na son wayoyi da tiyo, kada a ajiye shi kusa da buhun hatsi ko busasshen kifi. Duk wata ka ja igiya sau biyu a hankali.

8. Babur ɗin ruwa

Shi ba a sa shi a tano. Akwai bakin da ake haɗa tiyon famfo, kuma tsarin nan ba a saɓa shi: tayar da inji tukuna, nan take ka buɗe ruwa. Idan an gama, rufe ruwa tukuna, ka ɗan taɓa totur na daƙiƙa 10 zuwa 15 don ya tofar da na cikin salansa, sannan ka kashe. Idan ruwa na zuba inji na kashe, zai cika salansa ya koma cikin silinda. Na ga yaron gida ya buɗe famfo ya tafi neman makulli, kafin ya dawo aikin gama ya gama. A babur ƙirar Yamaha kamar minti 3 ake yi, a ƙirar Sea-Doo kada a wuce minti 2, don robar sandarsa ruwan kogi ne ke sanyaya ta.

Leƙa ragar da ke ƙarƙashinsa ka ciro kainuwa da leda da tsakuwa, inji a kashe, makulli a aljihunka. Kwance toshiyar baya, ɗaga gaba ruwan cikin jiki ya fita, ka bar kujera a ɗan buɗe. Ranar komawa ruwa abu na farko shi ne mayar da toshiyar nan. Kada kuma a tayar da shi a ruwa mara zurfi, yashi zai zuƙa: Yamaha na son aƙalla santimita 60, Sea-Doo 90. Wannan kaɗai ya isa dalilin jingine shi da bazara.

9. Idan tsautsayi ya faɗa

Inji ya faɗa kogi. Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe, don da ya sha iska tsatsa ta fara aiki cikin sa'o'i. Kada ka gwada tayarwa. Wanke lakar da ruwa mai tsabta, zare igiyar kashe inji, cire buji, juya ramukan ƙasa ruwa ya zube. Fitar da fetur ɗin karbureta da na tiyo. Juya injin da hannu a hankali. Idan ka ji gurza-gurza, yashi ya shiga, tsaya nan, sai an warware shi. Idan ya cije a wuri ɗaya, musamman in yana tafiya ya nutse, wataƙila sandar fistan ta lanƙwashe. Idan yana juyawa sumul, zuba man haɗi ta karbureta da ramin buji kana juyawa, ka kai wa makanike ranar. In dare ya yi ko kana nesa, gara ka nutsar da kan injin cikin tano na ruwa mai tsabta zuwa safe da ka bar shi a iska. Mai bugu huɗu sai an yi masa juye a kai a kai har man ya daina fari.

Babur ɗin ruwa ya kife. Akwai hoto a bayansa da ke nuna gefen da ake birkito shi. Bi hoton, ɗaya gefen ruwa yake turawa cikin inji. Idan ka danna makulli ka ji ya yi ƙif ya tsaya, kada ka sake dannawa, cire buji.

Fitsari ya ƙi fitowa. Kashe nan take. Zura zaren kamun kifi mai kauri a ramin, sau da yawa gidan zanzaro ne. Duba ragar shan ruwa a ƙafa ko leda ta rufe. Idan duk lafiya kuma bai fito ba, farfelar roba ce.

10. Ranar komawa ruwa

Cire duk abin da ka toshe. Farfelar robar famfo a ruwa mai yashi irin namu ba ta daɗewa, ni shawarata a buɗe a duba ta kowace shekara kafin aiki ya kankama. Idan fikafikanta sun sandare a lanƙwashe ko sun tsage, a canza, a kuma nemo duk guntun da ya ɓalle don kada ya toshe hanya.

Haɗa sabon fetur: kashi 50 na fetur, kashi 1 na mai, wato rabin lita na man haɗi a lita 25, sai fa idan littafin injinka ya faɗi wani awo. Baƙin man mota ba ya maye gurbinsa. Matsa ƙwallon robar tiyo har ya yi tauri, ka duba ko akwai inda ke yoyo, don zafi na tsaga tiyo. Tayar a tano da tsohon buji, zai yi hayaƙi sosai na ɗan lokaci, man da ka zuba ne ke ƙonewa. Da hayaƙin ya lafa, kashe, bari ya huce, sa sabon buji. Fitar farko ka yi ta kusa da gaɓa, da filafili a cikin jirgi da igiya ɗaure da injin, sannan bayan kwana biyu ko uku na aiki ka ɗan sassauta notin ƙasa na man giya ka ga launin ɗigon farko.